Gangaren da Ba a Hangowa Daga Suri

A wani daji mai yawan tarurruka an yi wata beguwa, Malama Hansai, wadda ta shafe damina goma sha tara tana binciken abu guda: wa ke wasa a dajin nan, wa ba ya yi, kuma me ya sa. Da ƙayar jikinta take rubutu, kowane babi ƙaya biyu ko uku, har gadon bayanta ya fara sanƙo. Burinta bai wuce dutsen zama a Majalisar Masana ba. Duwatsu goma sha biyu ne a gindin wata tsamiya, mace ba ta taɓa hawa ko ɗaya ba, kuma a bana ɗaya ya rasa mai shi, wanda ya rasu yana tsakiyar gabatar da jawabi.

Majalisar tana da ƙa'ida. Mai bincike zai hau surin da ke gefen dandali, ya rubuta abin da idonsa ya gani. Abin da ba a hango daga suri ba, ba ilimi ba ne, hira ce. Daga can Hansai ta kalli kokawar birai da tseren bareyi da langar zomaye, duk maza. Da hantsi ake buɗe dandali, daidai lokacin da mata ke tafiya rafi ɗebo ruwan da 'yan wasa za su sha. Saboda haka littattafanta uku suka tsaya a kan magana ɗaya, cewa matan daji ba su da sha'awar motsa jiki. Shugaban majalisa, Shehi Danliti, wani gwaggon biri mai furfura, ya yaba ƙwarai, ya ce ko a gidansa ya lura da haka.

Saura kwana tara a ba da dutsen, ruwa mai ƙarfi ya rushe surin. Aka kafa kwamitin gyara. Hansai ta rasa wurin zama, sai ta bi wata tsohuwar ɓauna, Iya Tabawa, a hanyar rafi, tana tambayarta me take yi a lokacin hutunta. Tabawa ta ce tun da Malama tana da lokacin tambaya, ta riƙe mata gora ɗaya.

Bayan kurmi akwai wani dogon gangare na jar laka da ya miƙe har cikin ruwa. Suna isa Tabawa ta ajiye gorunanta, ta zauna daɓas, ta ɗaga ƙafafun gaba, ta zame. Ta faɗa rafin da ƙarar da ta tashi tsuntsaye, ruwan ya jiƙa zabi bakwai da ke bakin gaɓa. Zabin suka ce na jiya ya fi. Matar kunkuru ta kife a bayanta ta gangara tana juyawa kamar faifai. Bareyi mata suna tsallake masu zamiya ɗaya bayan ɗaya, wata mai tsohon ciki ce ke gaba, ana yi mata tsiya wai su biyu ne, tsallakenta bai halatta ba.

Hansai ta tambayi sunan wasan. Aka ce mata ɗebo ruwa. Ta ciro ƙaya za ta rubuta.

"Malama, ba a kallo a nan," in ji Tabawa. "Mai kallo ita ke wanke goruna."

Kafin ta kawo hujja an tura ta. Ta tafi a kan cikinta, ƙayoyi a tsaye, mata na watsewa hagu da dama suna neman tsari. Tana cikin gudun ta ji wata ƙara da ba ta sani ba, sai da ta nutse ta taso ta gane dariyarta ce. Ta hau ta sake sau shida. Akwai mazan dajin da ba su san matansu na irin wannan dariya ba sai a zaman makokin matan, daga bakin ƙawayensu.

Kwana takwas tana zuwa, tana rubuta sabon babi, ga laka a haɓa. Abu ɗaya ya dame ta: in ta faɗa, majalisa za ta karɓe gangaren, ta naɗa masa shugaba, ta mayar da mata 'yan kawo ruwa a wurinsu. Ta kai wa Tabawa damuwarta.

"Faɗa musu duka, 'yar nan," in ji tsohuwar. "Shekara talatin ina faɗa wa mijina abubuwa, bai ji ko ɗaya ba."

Ranar taro Hansai ta tsaya a gindin tsamiya.

"Allah ya gafarta malamai. Littattafaina uku kuskure ne. Matan dajin nan suna gudu, suna tsalle, suna zamiya kullum da hantsi, tun zamanin kakanninsu. Ba su zo dandali ba don mun sa lokacinsa a kan lokacin aikinsu, sai suka sa wasansu a cikin aikin. Na gani, na gwada, haƙarƙarina shaida ne."

Shehi Danliti ya yi gyaran murya mai tsawo.

"Malama, muna girmama ƙayoyin da kika ƙarar. Amma daga wane suri kika hango wannan? Babu. Kuma da bakinki kin ce kin shiga ciki, ga laka nan a kunnenki. Wanda ya ji daɗin abu ba ya iya yi masa adalci. Ƙari a kan haka, matata kullum tana zuwa rafin, tana dawowa a jiƙe, a gajiye, ƙafa na ciwo. Wannan kamannin wasa ne? Cire babin nan, ki bar mana littattafanki uku masu albarka, ga dutse."

Hansai ta dubi dutsen. Mai faɗi ne, inuwa ta rufe shi, zaman magabata ya goge shi sumul. Damina goma sha tara take mafarkin ɗuminsa. Ta tambaya ko da wane lokaci majalisa ke zama. Aka ce da hantsi.

Ta naɗe babinta ta ce a bar shi yadda yake.

Majalisa ta kaɗa ƙuri'a, ta tabbatar da baki ɗaya cewa babu wani gangare a bayan kurmi. Aka ba da dutsen ga wani damo da ya yi nazari a kan tafin 'yan kallo. Hansai ba ta tsaya addu'ar rufewa ba, don rana ta fara ɗagawa. Ta iske matar Shehi Danliti a saman laka tana jiran layi, matar ta tambaye ta yaya aka ƙare. Da ta ji, sai ta yi hamdala, ta ce wa Malama ta matsa da ƙayoyinta, yau da baya za ta gangara.

Har yanzu a rubuce babu gangaren, sai dai kowace damina yana ƙara santsi.