Farfesa Kumfa a Gaban Likita

Duk layin nan babu mai ilimi kamar Farfesa Kumfa. Shi da bakinsa ya faɗa, wa zai yi musu? Da can mai aski ne, har kawunan 'yan Adam suka yi masa kaɗan, wato dai suka daina zuwa. Sai ya sayi baho da buroshi da farar riga har gwiwa, ya koma wanke karnuka da kyanwoyi. Kada ka kuskura ka ce wanki.

"Tiyatar gashi ake cewa," in ji shi.

Yana yanke farce, yana goge kunne, yana taje gashin da ya cukurkuɗe. Amma kafin ya taɓa dabba, sai mai ita ya sha lacca. Wata hajiya ta kawo kyanwarta, ya ɗaga jelar da yatsu biyu.

"Hajiya, wannan baiwar Allah tana cikin damuwa. Kin taɓa neman afuwarta?"

Kyanwar ta ba shi amsa a kumatu, layi-layi. Mako guda yana nuna wa maƙwabta tabon, wai sa hannun godiya ne.

Kwatsam asibitin dabbobi ya kira taro, za a zaɓi wanda za a riƙa tura wa dabbobi gyara. Farfesa ya iso yana taku ɗai-ɗai, rungume da ɗan karensa da ya sha turare har yana atishawa.

"Jama'a!" Ya ɗaga buroshi sama. "Ƙuma ta san sunana! Kaska in ta ji takuna, wasiyya take yi!"

Aka tafa. Ya ɗan sosa ƙeya.

"Tsafta, jama'a, daga maigida take farawa!"

Ya sosa haƙarƙari. Ya goga baya a jikin ginshiƙi. Kafin ya kai batun sabulu, buroshin ya shige cikin rigar, kafaɗu na rawa, ƙafa ɗaya na dukan ƙasa. 'Yan layin gaba suka ja kujerunsu baya.

Likitar asibitin ta karɓi karen, ta duba kunne, ta duba ciki, ta bi gashin tsaf. Sannan ta gyara tabarau, ta leƙa wuyan Farfesa.

"To, likita," ya ce yana haki, "faɗa musu abin da kika gani!"

"Karen kam tas yake, ranka ya daɗe," ta ce. "Amma don lafiyarsa, ka daina ɗaukarsa."