Kafaɗar Ezekiya da Wasan da Ba a Karyewa

Ezekiya ya karye a kafaɗa ranar da aka ƙaddamar da wasan da ba a karyewa a cikinsa. A gabana aka yi, ba labari aka ba ni ba, kuma manyan da suka zo kare lafiyarsa su suka fara tafi.

Ga wanda bai san shi ba, Ezekiya ɗan dako ne a kasuwar hatsi, mutumin Kwaja, katanga ɗaya ta raba gidana da nasa. Ni ɗinkin buhu nake yi, basilla da zare, tun gashina yana baƙi, saboda haka babu ɗan dakon da ban san iyakar ƙarfinsa ba. Ezekiya shi ne zai saɓa buhun wake ya hau katakon tirela da gudu yana rera waƙar coci. Ba shi da shago, gonar da ya gada ba ta fi a shanya barkono ba. Kafaɗar nan ita ce gonarsa, kakar wake kuma ita ce daminarsa. Abin da ya ɗauka a waɗannan watanni shi matarsa Dorathy da yaransu ke ci har shekara ta zagayo. Dokar dako kuwa ɗaya ce: tirela ba ta jiran kowa. Ka kwanta, a sa wani a gurbinka.

Elkana ne ya fara kawo mini labarin. Tsohon masinja ne, ya yi ritaya amma bakinsa bai yi ba, har yau in ya ji an ce "kwamiti" sai ya gyara wuyan riga. Ya zauna a bencina ya ce wai a Amurka akwai wani wasa da ake yi da ƙwallo mai kama da gwanda, a hannu ake riƙe ta, ƙarti su sa hular ƙarfe su yi ta karo da juna kamar raguna. Wai ƙwaƙwalwarsu na girgiza a cikin kai, mutum bai tsufa ba ya manta sunan 'ya'yansa. Iyaye suka tsorata, sai aka ƙirƙiro mai sauƙi: a ɗaura wa kowa ƙyalle biyu a ƙugu, in ka fizge ƙyallen mutum tamkar ka kayar da shi ke nan, ba duka ba zagi. Yanzu wata ƙungiya ta ba da tallafi a janye matasa daga wasan ragunan zuwa wasan ƙyalle, an kuma kafa kwamiti a nan garin, da Mai Girma Uban Kare Lafiya a kan kujera.

Na ce madalla, rigakafi ya fi magani. Amma a duk faɗin Mubi, daga nan har Gella, wa ke yin wasan ragunan da za a janye shi?

Elkana ya dube ni da tausayi. "Malam Sajo, matsalarka rashin boko."

Gaskiyarsa, a aji uku na tsaya. Amma ko ban yi boko ba na san ba a yaye yaron da ba a haifa ba. Yaranmu ƙwallon ƙafa suke bugawa, a filin da tsakuwa ta fi ciyawa yawa, ga fasassun kwalabe, ga lambatu buɗe a gefen layi yana jiran mai tsautsayi. In raunin yaran Mubi ake son gani, a je can da la'asar a ƙirga farcen da ya fita. Sai dai ba a ba da tallafin kwashe tsakuwa ba, na hana karo aka bayar, kuma tallafi baƙo ne da ba a mayar wa ƙofa.

A nan ne zan cire hulata in jinjina wa masu girma, don dabarar da suka yi ba ta ƙaramin kai ba ce. Baƙin da suka ba da tallafin sun ce suna son hoto iri biyu: na yadda ake a da, da na yadda aka koma. Kwamiti ya zauna, ya ci kaji, ya sha lemo, ya gano cewa tunda babu mai yin mugun wasan a garin nan, to dole a fara yin sa tukuna domin a samu abin hanawa. Ni da kai da mun ce wa baƙin ba mu da wannan cuta. Shi ya sa ni da kai muke layin mai tun safe, su kuma ake kai musu har gida.

Suka aiko kasuwa neman masu faɗin ƙirji. Sarkin 'yan dako ya ware musu ƙarti, aka yi musu alkawarin riga mai lamba da faranti na shinkafa da nama, aka ce za a gan su a talabijin. Na ce wa Ezekiya ya bari, kaka ce, motocin Kudu sun fara shigowa. Ya yi dariya ya ce, "Bappa, wanda buhu bai karya ba, wasa ne zai karya shi?"

Ranar taro na rufe rumfa na tafi, don gani ya kori ji. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba, na manya an lulluɓe su da farin yadi. Kayan wasan da aka ce an sayo daga waje suna hanya, har yau ma suna hanya. Hular kwano ta 'yan acaɓa guda biyu aka samu a aro, sauran aka raba musu hular roba ta magina. A kafaɗa aka cusa musu yankan soson katifa a ƙarƙashin riga. Da aka zo kan Ezekiya soso ya ƙare, sai Oga Sakataren kwamiti ya daddaki kafaɗarsa ya ce ai shi Allah ya riga ya sa masa nasa. Ƙyallayen ƙugu kuwa daga ragowar tutocin kamfen aka yanko su, kowane yaro yana yawo da rabin fuskar wani babban mutum tana lilo a ɗuwawunsa. Wannan kaɗai ya biya ni wahalar zuwa.

Aka jera su layi biyu suna fuskantar juna, aka busa usur. To waɗannan mutane ne da ke ci a kwano ɗaya. Ezekiya ya ruga, abokinsa Mahmoud ya tare shi, suka rungume juna suna dariya kamar an dawo daga tafiya. Mai ɗaukar hoto ya ce bai yi ba. Aka sake, ya ce har yanzu kamar gaisuwar Sallah. Oga Sakatare ya karɓi lasifika ya ce baƙi ba su baro garinsu don kallon zumunci ba, haɗari suke son gani, duk wanda ya yi sanyi ba shi ba shinkafa.

Ɗan dako ka ce masa ya yi sanyi a gaban jama'a, ka taɓa inda ke masa ciwo. Aka miƙa wa Ezekiya gwandar, ya sunkuyar da kai ya taho. Mutum uku suka haɗu a kansa. Su Turawan da suka ƙirƙiro abin a kan ciyawa mai laushi suke faɗuwa, mu namu filin in ka buga masa diga sai ta yi tsalle. Daga inda nake tsaye na ji ƙarar, kamar an taka busasshen kara. Ƙashin nan da ke tsakanin wuya da kafaɗa ne ya tafi.

Kafin ƙura ta lafa Mai Girma Uban Kare Lafiya ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya nuna Ezekiya da sandarsa ya ce, "Jama'a, kun gani da idanunku. Daga yau an haramta wannan wasa." Aka yi tafi, baƙi suna ta gyaɗa kai, mai hoto ya durƙusa har ƙasa don ya samu fuskar da kyau. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai motar ɗaukar marasa lafiya a wurin, kada a ce na yi musu ƙarya. An wanke ta, an ɗaura mata kintinkiri. Sai dai da ita aka kawo kulolin abinci, kuma direba ya tafi neman mai da jarka. Akwatin agajin gaggawa ma yana nan a kan tebur, amma ba a yarda a buɗe ba don ba a riga an miƙa shi a hukumance ba. A Keke Napep muka ɗauke shi, ni da Mahmoud, kowane rami muka faɗa sai ya kira sunan Yesu.

Mahmoud ya koma ya ga ƙarshen taron, shi ya ba ni labari. Ya ce wasan ƙyallen ba laifi. 'Yan matan makaranta suka shiga, suna gudu suna zulliya, wata siririya ta fizge ƙyallen ƙato har biyu ana ta shewa, kuma babu wanda ko targaɗe ya yi. Na yarda. Ni ban da rigima da wasan ƙyalle, in jikokina mata suna so su yi, ni zan ɗinka musu ƙyallen da hannuna. Rigimata da wanda ya ga rijiya a garin wasu, ya dawo gida ya haƙa irinta, ya tura maƙwabcinsa ciki don ya nuna amfanin murfi.

Da zafin ya ɗan lafa na raka Dorathy ofishin kwamitin. Muka zauna a benci har inuwa ta juya. Oga Sakatare ya fito yana saƙace, ya saurare mu da kunne ɗaya, sannan ya ce yana jajanta mana ƙwarai, amma kwamiti ba ya ɗaukar nauyin raunin da aka samu a haramtaccen wasa. Na ce ranka ya daɗe, ai sai da ya karye aka haramta. Ya ce doka ba ta duba agogo, mu ma gode wa Allah da ba a ci shi tara ba.

Dorathy ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Oga, ku kuka kira shi, da ƙafanshi ya zo, da hannunshi biyu. To shinkafan ma ba ku ba shi ba."

Ya ce za a duba.

A hanyar dawowa muka ga allon tallan kwamitin. Ƙato ne, an kafa shi a bakin titi, ga Ezekiya kwance a ƙasa baki buɗe, hular magina a gefe, a sama kuma hoton Mai Girma yana murmushi. Dorathy ta karanta mini rubutun: wai kada ka bari ɗanka ya zama haka. Elkana ya ce in daina ƙorafi, ai yaron ya yi suna, ko shi da ya yi aikin gwamnati har ya tsufa ba a taɓa sa shi a allo ba.

Gida aka mayar da shi Kwaja wajen maɗori. Dattijon ya yi iya yinsa, amma Ezekiya bai iya kwanciya yana jin kukan tireloli a ransa ba, ya kwance karan ɗorin tun ƙashin bai gama kamawa ba, ya dawo kasuwa. Na ga lokacin da aka ɗora masa buhun farko. Ya taka katako, ya kai rabi, sai kafaɗar ta sake shi. Buhun ya fashe a ƙasa, ni na ɗinke shi. Ƙashin ya haɗe a karkace, hannun dama yanzu ba ya wuce ƙirjinsa. Sarkin 'yan dako ba mugu ba ne, ya jira iya abin da zai iya, sannan ya ba wani yaro daga Betso gurbin.

Jiya na ji Mai Girma a rediyo yana cewa tun da aka kafa dokar nan ba a ƙara samun wanda wasan karo ya raunata a Mubi ba. Wannan kam gaskiya ya faɗa, a ba shi lambar yabo. Mutum ɗaya ne ya taɓa karyewa a wasan tun da aka kafa garin, ga shi can ƙarƙashin tirela tare da tsofaffin mata, yana share waken da ya zube da hannun hagu.