Ƙaiƙayin Nomau

A Unguwar Kanya, in ka tambayi gidan da ake tauna magana sau biyu kafin a furta, za a nuna maka gidan Nomau. Manomin gyaɗa ne ƙaƙƙarfa, ba ya ƙarya, ba ya gardama. Aibinsa ɗaya: yadda ka faɗa haka zai yi, ba ragi ba ƙari. Matarsa Tabawa ta daɗe da koyon auna masa magana kamar mai sa gishiri a miya. Uwarsa kuwa cewa take ɗanta ya fi kowa biyayya, mutane ne ba su iya magana ba. Abin taƙamarsa a duniya shi ne gurbinsa a ciyayyar ƙofar masallaci, inda magidanta ke haɗa kwanukan tuwo. A nan ubansa ya zauna har ya bar duniya.

Wata rana ƙaiƙayi ya kama Nomau, babu ƙurji babu cizon sauro, sai susa. Tabawa ta gaji, ta ce kada ta ƙara ganin farcensa a jikinsa. Bai ƙara ba. Ya je ya jingina da dangar maƙwabci yana goga baya kamar bijimi, har dangar ta kwanta, awaki suka afka wa waken mutane. Da aka kawo ƙara, ya miƙa yatsunsa goma a duba.

Wata rana Alhaji Ilu mai shago, wanda tunda ya sayi rediyo babu cutar da bai sani ba, ya kalle shi ya girgiza kai. Ya ce ƙaiƙayi marar dalili ai ciwon hanta ne, ya riƙa duba idonsa ko ya yi ɗorawa. Nomau ya ari madubin Tabawa ya kafa a gabansa, da shi ya shiga kasuwa, bai ga komai ba sai kansa. Idon dai fari fat, amma ƙafarsa ta dawo jawur da manjan wata tsohuwa da ya taka.

Da maraicen nan aka jera kwanuka. Alhaji Ilu ya yi gyaran murya.

"Nomau, ka yi haƙuri. Kada hannunka ya ƙara shiga kwanonmu."

Washegari ga Nomau a gurbinsa, riƙe da ludayin Tabawa, babban na kwasar miya. Hannunsa bai taɓa kwano ba, tuwon ne dai bai kai kowa ba. Daga ranar aka ce masa ya ci a gida, da bakin da ba zai ba shi wata kafa ba. Ya riƙa ci a soro shi kaɗai, yana jiyo dariyarsu, yana goga baya a bango.

Wata rana uwarsa ta tasa shi gaba zuwa asibitin gunduma. Ma'aikaciyar, wata Malama Asabe, ta ɗebi jininsa. Ta yi masa bayani cewa cin abinci tare ba ya yaɗa irin ciwon da yake tsoro, ta jini yake bi, kamar aska ko reza. Ta ce in zai dawo ya zo da wanda suke aski da aska ɗaya. Ƙane take nufi, ko ɗa.

To, wanzami ɗaya ne a Unguwar Kanya, askarsa kuma ɗaya.

Nomau ya bi gida gida yana cewa likita na kira. Magidanta suka so su ƙi, amma tunda labarinsa ya bazu kowa ke susa a ɓoye. Ranar komawa sai ga ayari: liman, mahauci, Alhaji Ilu, har wanzamin da zabirarsa. Nomau na gaba, ƙirji waje, kai ka ce shi ya gina asibitin. Malama Asabe ta leƙo ta taga, ta koma ta zauna, sannan ta aika a ƙaro kayan gwaji.

Jinin Nomau lafiya lau. Sabon garin sabulun da Tabawa ke wanki da shi ne jikinsa ya ƙi. Aka yi wa marasa ciwon allurar rigakafi, wanzami ya ɗauki alkawarin sabuwar reza ga kowane kai. Malama Asabe ta sallame su, ta ce su je su ci gaba da cin tuwonsu tare. Ta dai tsayar da wasu ta yi musu magana a keɓe, ta ce an yi sa'a an gano da wuri. Ba ta faɗi sunan kowa ba, amma Alhaji Ilu ya fito daga cikinsu bai yi wa kowa lacca ba.

Da maraice aka matsa wa Nomau, ya zauna a gurbin ubansa. Liman ya kai hannu, Nomau ya riƙe murfin kwanon. Ya dubi wurin Alhaji Ilu, babu kowa. Ya tashi, ya ɗora kwanon a kai ya kama hanya, magidanta suka bi tuwonsu.

Suka tarar da Alhaji zaune a soro, kansa a ƙasa.

"Me ya kawo ku? Ai kun sani."

Nomau ya dire kwanon a gabansa, ya naɗe hannun riga.

"Likita ta ce tare, Alhaji. Sa hannu, miyar na hucewa."