Ranar Da Na Ture Mai Gari

Ba na jin zan taɓa mantawa da Larabar da na tashi koya wa sojoji natsuwa.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, a sashen sasanta rikicin al'umma. Aka gayyace ni wani sansanin horo da ke bayan Mando, in koya wa sojojin da za a tura yaƙi da 'yan ta'adda yadda ake shiga ƙauye: gaisuwa, sauraron dattawa, jawo mutane a jiki. Tun ranar farko kaina ya kumbura. Na ce wa Kanal, shugaban sansanin, a rage awannin harbi a ƙara nawa. "Ranka ya daɗe, harsashi ba ya sayo amana." (Jimlar nan ta yi min daɗi, har matata sai da ta ji ta sau uku.)

Sajan Bala, mai koyar da harbi, ya dube ni ya ce, "Malam, Allah ya kai mu Laraba."

Laraba ce ranar gwaji, kuma da abin da ya gani Kanal zai tsara jadawali. An kafa bukkoki kamar ƙauye. Kukun sansanin, wani dattijo, ya naɗa rawani ya zama mai gari. Ni zan shige gaba in nuna yadda ake gaisuwa. Aka maƙala min makirfo a wuyan riga, don hafsoshin da ke ƙarƙashin rumfa su ji ta lasifika. Sai wani ya raɗa min cewa wataƙila a kawo harin gwaji, amma ƙara ce kawai, ba mai kisa ba.

Nan na fara waige-waige. Na durƙusa gaban mai gari. "Baba, mun same ku lafiya? Ina gajiya? Ya..."

Tau! Tau! Tau!

Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Na bangaje mai gari, rawaninsa ya yi gabas, ni na yi yamma. Na cusa kai ƙarƙashin wata motar ruwa da ke gefe, babbar rigata ta sarƙe a ƙarfe, rabina a waje. Ina ta kururuwa, "Wayyo Inna! Inna, sun kashe ni!"

Sai na ji muryata tana dawo min daga rumfa, ƙatuwa, tana amsa kuwwa. Makirfon yana nan a wuyana.

Daga inda nake na hango wani kofur ya rufe mai gari da jikinsa, bindiga a saite, yana cewa a hankali, "Baba, yi haƙuri, kwanta, muna tare da kai." Darasina ne a bakinsa, amma ƙafafun da suka tsayar da shi a wurin, aikin Sajan Bala ne.

Sajan da kansa ya jawo ni ta ƙafa. Ya kakkaɓe min riga ya ce, "Malam, a gaida Inna."

Kanal bai rage wa kowa minti ɗaya ba. Ni kaɗai aka ƙara wa darasi: kullum da safe in tsaya a filin harbi har kunnena ya saba.

Yanzu duk wanda na ji yana cika baki kan yadda ya kamata soja ya yi, sai in tambaye shi ko an taɓa fasa ko da balan-balan a bayansa.