Ranar da Tarihin Gidanmu Ya Tafi Gwiwa a Jikin Makulli

Ba zan taɓa mantawa da taron zumuncinmu na bara a Roni ba, ko da yake wataƙila wasu bayanan sun ɗan cakuɗe mini.

Lokacin wata biyu ke nan da na gama digiri a fannin kwamfuta, ji nake babu kamata. Kawu Sule, yayan mahaifiyata, ya shekara uku yana bin tsofaffi yana rubuta tarihin gidanmu, ranar taron kuma zai karanta wa dangi. Ana gobe taro ya ba ni kwamfutarsa in duba abin da ya sa take nauyi. Shi ke nan fa aikin. Ni kuwa zumuɗi ya kwashe ni, na soka filashina na ɗora mata wata babbar manhaja mai suna Linux a gefen Windows ɗinsa. Na kashe, na kunna, duka biyun suka tashi! Har rawa na taka (ni kaɗai ne a ɗakin, alhamdulillahi). Sannan na zare filashina, na mayar da shi jikin makullin mashin.

Washegari rumfa ta cika, mutanen Kazaure da na Babura duk sun iso. Kawu ya gyara tabarau, ya kunna. Sai baƙin allo da kalmomi biyu: grub rescue. Wato ɗan shirin da ke nuna wa kwamfuta ta inda za ta tashi ya ɓace.

"Injiniya," in ji Kawu, "ina kakannina?"

"Suna nan, Kawu. Ina jin suna nan."

Ba shi da kwafi ko ɗaya, biyu daga cikin tsofaffin kuma sun rasu. Na durƙusa a tabarma ina kwafo umarni daga waya, ina bugawa, tana ƙi. Na shiga saitin ciki, na fito, na sake shiga. An ci tuwo an wanke hannu, ina nan.

Sai Gwaggo Ladi, wadda ko saƙon waya ba ta turawa, ta leƙo. "Kai Habu, jiya da na kawo maka kunu ai akwai wani ɗan jan abu soke a haƙarƙarinta. Ko shi take nema?"

Sai a lokacin na tuna da filashina. Ashe wajen ɗorawa na kuskure wuri, rabin shirin ya zauna a filashin. Makullin kuwa yana hannun Yaya Sani, ya tafi Gwiwa ɗauko baƙo.

Sai bayan la'asar ya dawo. Na soka, ta tashi, tarihi yana nan lafiya lau! Mata suka rangaɗa guɗa, amma Gwaggo suka yi wa. Kawu ya ce daga yau ita ce Injiniya.

Abin da na koya: wanda ya ce ka duba masa, to ka duba kawai.

Waɗanda suka halarta, don Allah ku aiko da gyara inda na yi kuskure. Yaya Sani dai ya dage wai ya tarar da ni ina hawaye. A iya tunanina gumi ne, amma ba zan rantse ba.