Yadda Za Ka Sa Masu Manhajar Kyauta Su Mayar Maka da Madanninka

Ka wayi gari manhajar da kake cin abinci da ita ta sauya kama? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka samu abin da kake nema har da gyara. Nurudeen, mai buga katin biki a unguwar Kanvili, a gabana ya gwada su.

Manhajarsa sunanta Alƙalami. Kyauta ce, 'yan sa-kai ne ke haɗuwa su gina ta, har da wasu 'yan nan Tamale. Ran nan suka sabunta ta, madannin da ke daidaita rubutun Larabci ya bar inda ya saba zama.

1. Kada ka karanta bayani

Sun rubuta duk abin da suka canja. Tsallake. Mai karatu yakan huce, kai kuwa da zafinka ake son ka.

2. Samo wanda aka cuta

Nurudeen ya yi sa'a. Hajiya Sawudatu ta zo karɓar katin bikin 'yarta, ta tarar sunan ango da aka rubuta da Larabci ya fito a juye.

Ta ce, “Nurudeen, wannan surukina ne ko na wata? Jibi fa biki!”

3. Faɗa zaurensu na intanet ba sallama

Nurudeen ya rubuta cewa wanda ya taɓa madannin nan bai san kati ba tun da aka haife shi, kuma in ba a gyara ba, shi da manhajar sun rabu. Wannan barazana tana girgiza mutanen da ko koko ba ka taɓa saya musu ba.

4. In an nuna maka, ƙi gani

Zuhuratu, malamar makaranta a Sagnarigu kuma ɗaya daga cikin masu ginin, ta amsa: “Yaya, yana nan sama ta hannun dama. Don masu ƙaramar kwamfuta muka matsar da shi.”

Ya duba, ga shi kuwa. Ya gyara katin Hajiya shiru, sannan ya rubuta: “Ba nan na bar shi ba.”

5. Karɓi muƙami

Za su gaji, su ce tunda ka fi kowa sani, zo ka riƙa gwada musu kafin su saki. Nurudeen ya saka babbar riga, ya hau yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, zuwa taronsu, ya cinye musu wake da shinkafa, ya ba da umarni. Aka mayar da madannin inda yake a da, aka rubuta sunansa da na shagonsa a ƙasan manhajar don godiya.

6. Rufe shago

Wannan ne matakin da Nurudeen ya manta. Ashe sauran masu shaguna sun riga sun saba da sabon wurin. Yidana, wani ƙato mai buga fostar jana'iza a Nyohini, ya tsayar da babur a bakin ƙofa.

“Masta, kai ne Nurudeen da ya taɓa mana madanni?”

Nurudeen ya dubi faɗin kafaɗar mutumin, ya ce, “Ya fita. Ni ƙanensa ne.”

Yidana ya jawo benci ya zauna. “Ba komai. Zan jira shi.”

Da na wuce da la'asar Yidana yana nan, har ya aika a sayo masa shayi.

Gargaɗi: ni koyarwa ce tawa, ba rabon faɗa ba. Duk wanda ya bi matakan nan aka jawo masa benci, kada ya kira sunana. Ban san shi ba, kuma ko kwamfuta ba ni da ita.