Hannun Hagun Abu Fahad

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Alhamis a Riyad, ranar da na gayyato mutane da bakina don su zo su kalli yadda zan kunyata kaina. A tsakiyar shekarun tamanin ne. Ina aikin ɗaukar hoton ƙashi a wani asibiti, ina zaune a unguwar Al-Oud, kuma ina ji da kaina fiye da kima.

Wani Bamisire ne ya ja ni cikin wasan takobi, ana ce masa Kaftin Hamdi. Hoton wuyan hannu ya zo ɗauka. Da na ji koyar da wasan yake yi a wani kulob, sai na gyara tsayuwa na ce masa ai mu takobi gadonmu ne, kakana da shi ya yi suna. (Kakana baduku ne. Kube yake ɗinka wa takubban mutane, bai taɓa zare ko ɗaya da sunan faɗa ba.) Kaftin ya ji daɗi, ya ce lallai in zo. Kulob ɗin na 'yan ƙasa ne, ba sa ɗaukar baƙi masu iƙama, wato takardar zama, irina, amma bawan Allahn nan ya je ya roƙi mudir ɗin wurin, wato shugaban kulob ɗin, ya tsaya mini. Aka yarda bisa sharaɗi: in na yi laifi ɗaya in kama gabana, kuma kunyar ta Kaftin ce.

Wata uku ina zuwa bayan azahar, in na tashi aiki, lokacin da zauren ba kowa sai ni da shi. Ban taɓa ganin an yi karo ko sau ɗaya ba. Kullum taku gaba, taku baya, sai sukar wani matashin fata da aka kafe a bango, da takobin da bai fi dogon tsinken tsire kauri ba. Kaftin mutum ne mai haƙuri. In na ɗaga hannu sama zan kai sara, sai ya ɗan bugi gwiwata ya ce, "Ya Duktur, ba rake kake sara ba. Suka ake yi." Har ga Allah ina ƙaunar mutumin nan, don a garin da ba wanda ya damu da sunanka, shi kullum sai ya tambayi lafiyar mahaifiyata.

Da ya ce ranar Alhamis bayan la'asar zan yi karona na farko, sai kaina ya kumbura. Na je har kasuwar Utaiƙa na sanar da Alhaji Sale, direban motar kayan miya, wanda shi ne dattijonmu 'yan Najeriya a wajen. Na ce ya zo ya ga yadda ake ɗaga tutar ƙasa. Ya zo kuwa, da mutum shida a bayan motarsa, har da fulas ɗin shayi.

Aka sa mini farar riga mai kauri da hular raga ta ƙarfe, aka ɗaura mini waya a baya kamar akuyar da ake tsoron ta tsere. Abokin karona gajere ne mai ɗan tumbi, fuskarsa a rufe. Na ce a raina wannan ai sadaka ce aka ba ni.

Suka biyar ake yi a gama. Ban san lokacin da ya yi ukun farko ba. Ni dai ina jin taɓi a ƙirji, na'ura ta yi ƙara, fitila ta kama. A lokacin fitilar wanda aka soka ce take kamawa, amma Alhaji bai sani ba, duk sanda ta ɓangarena ta haska sai ya tafa ya ce, "Haka ake yi, Likita." Biyar da babu aka tashi, ko rigarsa ban taɓa ba.

Mutumin ya cire hularsa. Dattijo ne, da furfura a gemu, ko haki ba ya yi. Ya tako yana murmushi, ya miƙo mini hannu. Hannun hagu.

Dama zuciyata tana tafasa. Na ce a raina ashe bai isa ya ci ni a gaban mutanena ba, sai ya haɗa da wulaƙanci don ya ga baƙo ne. Na mayar da hannuna baya, na tattaro ɗan Larabcin asibitin da na iya, na ɗaga murya yadda kowa zai ji. Na ce masa wannan aibi ne, a ƙasarmu ko ɗan yaye ba a miƙa wa hagu, kuma mutum mai furfura ya kamata ya fi haka sani. Daga benci Alhaji ya ƙara mini mai: "Kar ka karɓa, Likita. Raini ne."

A filin da ke gefenmu wasu mutum biyu suka gama nasu karon, suka cire hula, suka gaisa suna dariya. Da hagu. Na sake dubawa da kyau ko idona ne. Hagu ce.

Kaftin ya matso, fuskarsa ta yi ja. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, kuma wallahi da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. "Ya Duktur, hannun dama yana cikin safa, ya jiƙe da gumi, kuma shi ya riƙe makami. Hannun da bai soke ka ba shi ake ba ka. Wanda ya ƙi karɓa korarsa ake yi." Ya nuna dattijon. "Wannan da ka yi wa wa'azi kuma Abu Fahad ne, mudir."

Na so ƙasa ta tsage in shige da wayar da komai. Ba korar ce ta fi damuna ba, yadda Kaftin ya sunkuyar da kai ne, mutumin da ya roƙar mini alfarma. Na waiga wajen Alhaji ko zan sami agaji, sai na tarar yana zuba shayi. "Ni dama tun ɗazu na lura haka tsarinsu yake," in ji shi. "Kai ne da gaggawa, Likita."

Duk wannan abu hannun Abu Fahad yana nan a miƙe, bai janye ba. Ya dubi Kaftin ya ce, "Ba ka koya masa gaisuwa ba. Sukar ma ban gani ba." Aka fashe da dariya. Sannan ya yanke hukunci: zan zauna, amma sai na bi duk wanda ke zauren na gaishe shi da hagu, in fara da shi. Na kama hannun nan da sauri kamar za a ƙwace. Na bi layi ɗaya bayan ɗaya, gumi na zuba, mutanena suna kurɓar shayi suna ƙirga mini da ƙarfi. Kaftin ne na ƙarshe. Ya matse yatsuna har suka yi ƙara, ya ce gobe in zo da wuri.

Tun daga ranar, in zuciyata ta raɗa mini cewa an raina ni, sai in ce ta dakata in leƙa gefe tukuna in ga yadda ake yi wa sauran mutane. Hagun Abu Fahad kuwa na ci gaba da karɓarta har shekara huɗu, cikin ladabi, kuma kowane karo ni aka ci.